Na Ɗauka Lalle Ne Ya Kama

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don ina gudun abin da na aikata ba, sai don mahaifiyata tana raye kuma ba ta son a riƙa nuna ta da baki.

Lokacin da abin nan ya faru ni mai ƙunshi ce a Kambarawa, nan Katsina, kuma ba ƙaramar mai ƙunshi ba. Amare layi suke yi a tsakar gidana, matan manya na aiko mota daga GRA a ɗauke ni. Ina da hannu, ina kuma da baki, kowa ya san ni da su biyun. Mace ta miƙo mini ƙafa na ga kaushi ko faso, sai na ce mata wannan dunduniya ai ita ke yaga mata zanin gado, a yi ta dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce in taimaka. Yadda nake aikina shi ne in jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi har fatar ta yi laushi, in goge da dutse, inda kaushin ya yi tauri kuma in sa reza in fere shi. Sannan in kwaɓa lalle da gishirin lalle don ya yi baƙi, in shafa, in naɗe da leda. Haka na koya, haka na yi shekara da shekaru, ba wadda ta taɓa dawowa da ƙorafi. Wannan ne ya sa na ɗauka babu abin da wani zai koya mini game da ƙafar ɗan'adam.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, tana zaune a cikin gari, a gidan da aka haife mu, tare da ƙanena da matarsa. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce kawai, ko "'yar nan". Ba ta yabona a gabana, ba ta kuma kawo mini kuka, ko ciwo take sai dai in ji a bakin wani. Mace ce mai tafiya. Biki, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, duk a ƙasa take zuwa da silifas ɗinta, daga wannan ƙofa ta gari zuwa waccan. In ƙanena ya tsayar mata da napep sai ta ce a bar wa marasa lafiya. Burinta ɗaya ne a duniya, kowa a unguwa ya san shi: ta je Makka ta yi ɗawafi da ƙafafunta, ta yi Safa da Marwa da ƙafafunta. In ta ga tsofaffi a talabijin ana tura su a keke kewayen Ka'aba, sai ta yi musu addu'a, sannan ta roƙi Allah Ya kai ta tun tana iya takawa.

Inna ta daɗe da ciwon suga. Tana shan magani in ta tuna, tana barin sa in ta ji ƙarfi. Akwai lokacin da matar ƙanena ta gaya mini Inna na fama da ƙafafu, wai kamar ana tsira mata allura, wani lokaci kuma su yi ta zafi kamar an zuba barkono. Daga baya aka daina maganar. Na tambaya, aka ce ta daina ji gaba ɗaya. Muka yi hamdala, muka ce sauƙi ya samu. Wallahi har sadaka na bayar.

Shekarar da ƙanena ya biya mata kujerar Makka, ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na lokacin ba. Ba ta fashin bita, ta haddace addu'o'in tas, tana maimaita su tana tsintar shinkafa. Da tafiya ta matso, na je gidan wata safiya na tarar da ita tana alwala, idona ya sauka a kan ƙafafunta. Dunduniya duk faso, ƙarƙashin babban yatsan dama kuma wani kaushi ne mai tauri, ya yi tudu. Raina ya ɓaci. Na ce ba za a ce uwar mai ƙunshi ta shiga jirgi da irin wannan ƙafa ba, mata 'yan uwanta su gani a masauki su dawo Katsina da labari. Gaskiyar magana kenan, sunana nake karewa, ba ƙafarta ba. Inna ta ce ita da za ta je ibada me ya haɗa ta da ado. Na nace, ita kuma ba ta iya jayayya da ni, sai ta yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Washegari na zo da kayana. Na sa matar ƙanena ta tafasa ruwa, na juye a baho, na ɗan sirka. Na tsoma hannu na fizge da sauri, na juya in ƙaro ruwan sanyi. Kafin in waiwayo Inna ta riga ta zura ƙafafunta biyu, tana zaune abinta tana ba da labarin wata maƙwabciya da za su tafi jirgi ɗaya. Na ce ikon Allah, mutanen da akwai dauriya, mu na yanzu duk raki ne. Na ma tsokani matar ƙanena na ce ta zo ta koyi zama mace. Da na ciro reza, yarinyar ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce Yaya, ranar da ta raka Inna asibiti an ce kada ƙarfe ya taɓa ƙafar mai ciwon suga, ko farce ma a bi a hankali. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce tun tana rarrafe nake riƙe reza, ta je ta duba tukunyarta. Ta koma kan tukunyarta, don ni yayar mijinta ce.

Na goge dunduniya, na dawo kan kaushin nan na ƙarƙashin yatsa. Ina ferewa, ina ferewa, rezar ta zarce. Jini ya tsatso, ba mai yawa ba, amma na san na wuce inda ya kamata. Na ɗaga kai na dube ta.

"Inna, na yanke ki?"

"Ban ji komai ba. Ci gaba da aikinki, 'yar nan."

Na ɗauka alkunya ce. Na ce a raina, Inna ce fa, ko yatsan na cire ba za ta ce wa 'yar fari ta ji zafi ba. Na danne wurin da tsumma har jinin ya tsaya, sannan na cika shi da lalle, tunda mun taso muna jin cewa lalle na busar da ciwo. Na shafe ƙafafun har idon sawu, na naɗe da leda, na ɗaure tam, na ce ta kwana da shi. Da gari ya waye na dawo na maimaita, don ina son ya yi baƙi sosai. Ya kuwa yi. Ƙafafun Inna suka fito baƙi ƙirin suna sheƙi, babban yatsan daman nan ya fi ko'ina kamawa. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Na ɗauki hoto na ɗora a waya, mata suka yi ta aiko mini da yabo, wasu har suna neman rana.

Daga nan Inna ta shiga yawon sallama. Gida-gida take bi tana neman gafarar mutane, kamar yadda maniyyata ke yi, cikin sabon takalmin kambas da safa da na saya mata na ce ta fara sabawa da su. Ni kuma lokacin biki ne, amare sun yi mini yawa, ban leƙa gidan ba. Wata rana ina tsakiyar zana wa wata amarya hannu matar ƙanena ta kira ni. Ta yi ta kwana-kwana, gaisuwa a kan gaisuwa, kafin ta ce ita dai ta ga yatsan Inna ya kumbura, kuma baƙin kamar yana hawa sama, ya wuce inda lallen ya tsaya, ga wani wari in an cire safa. Na ce mata lalle ne ya kama, warin kuma na gishirin lalle ne da zufa, in ba ta san ƙunshi ba ta tambaya. Na ce ta ba Inna wayar. Na tambaye ta ko ƙafar na mata ciwo, ta ce ko kaɗan, yanzu ma ta dawo daga gidan ƙawarta a ƙasa. Na ce to shi kenan, magana ta ƙare, abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne. Na kashe waya na koma kan amaryata. Wannan kiran shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ya fi rezar, domin reza kuskure ce, wannan kuwa girman kai ne.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta. Aka ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis, aka ce gajiyar yawo ce. Sai ranar da ta tashi yin sallah ta kasa tsayuwa, ta fara magana ba kan gado, tana kiran mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Ƙanena ya ɗauke ta sai asibiti, ya kira ni a hanya. Na iso na tarar nas na ƙoƙarin zare safar, ta manne da fata. Da ta fita, warin ya cika ɗakin, na san ba na gishirin lalle ba ne, ni da nake shaƙar sa kullum. Suka wanke, suka goge, baƙin bai fita ba. Ƙarƙashin yatsan, daidai inda rezata ta zarce, rami ne yana fitar da mugunya.

Likita ya zo ya duba, ya tambayi yaushe launin yatsan ya fara canjawa. Muka dubi juna. Babu wanda ya sani, domin tun kafin naman ya fara mutuwa na riga na rina shi baƙi da hannuna. Ya tambaya ko an yanke wurin da wani abu. Matar ƙanena ta sunkuyar da kai, ta rufa mini asiri a inda ni ban raga mata ba. Ni na buɗe baki na ce reza ce, kuma ni ce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki wani siririn abu ya riƙa taɓa tafin ƙafar hagu, mai lafiyar, yana tambayar Inna ko ta ji, tana cewa a'a. Sannan ya yi mana bayani cewa ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, har ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ya ce ranar da ta daina jin allurar nan ba sauƙi ta samu ba, ciwon ne ya ci gaba. Na tuna sadakar da na bayar, na tuna ruwan da na fizge hannuna daga ciki. Ba dauriya ba ce, ba alkunya ba ce. Inna gaskiya ta gaya mini, ba ta ji ba.

Aka fara da cire yatsan. Aka yi ta ƙarin ruwa da allurai, muna kwana muna tashi a asibiti, muna fatan abin ya tsaya nan. Bai tsaya ba. Likitoci suka ce ruɓar ta hau, in ba a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa ba, za ta shiga jini, a rasa Inna gaba ɗaya. Inna ta ce sam, da ƙafa biyu ta zo duniya, da biyu za ta koma, a mayar da ita gida. Ƙanena ya yi kuka a gabanta, namiji da gemunsa. Sai da aka ɗauko malamin da ke yi musu bita, ya zauna ya yi mata nasiha a kan cewa rai amana ne, sannan ta yarda. A makon da aka yi tiyatar ne jirginsu ya tashi. Maƙwabciyar da za su tafi tare ta zo asibiti da kayan maniyyata a jikinta don yin sallama. Inna ta riƙe hannunta ta ce in ta je ɗawafi ta taka mata ko zagaye ɗaya ne. Ni ina bayan labule, na toshe bakina da mayafi.

Na yi kwanaki ina hidima ba na yarda mu haɗa ido. In kawo abinci, in wanke kaya, in fita. Wata rana da la'asar muka rage mu biyu a ɗakin, na durƙusa a gefen gado, na ce ta yafe mini, ni na raba ta da ƙafarta, ni na raba ta da Makka. Sai na ji ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni.

"Kin tambaye ni, na ce miki ban ji ba. Ke ba ki yi da gangan ba, ni ma ban yi miki ƙarya ba. Na yafe. Amma wadda za ki ba haƙuri tana waje tana wanke mini kwano."

Na fita na sami matar ƙanena a bakin famfo. Na ba ta haƙuri, ni da ban taɓa ba na ƙasa da ni haƙuri ba. Ta ce haba Yaya, ta fashe da kuka, ta ce ita ma laifinta ne da ba ta gaya wa mijinta tun ranar ba, kunya ce ta hana ta kai ƙarar yayarsa. Na ce ba laifinta ba ne, ni na sa bakina ya zama abin tsoro a gidan.

Allah cikin ikonSa Inna ta warke, ta koyi tafiya da ƙafar roba da sanda, daga ɗaki zuwa tsakar gida, wani lokaci har zaure. Daga baya Allah Ya sake kiran ta, ƙanena ya raka ta, shi ya tura ta a keke ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa. Ta dawo Hajiya, duk wanda ya zo barka sai hamdala yake ji a bakinta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya dai na jiyo ta tana gaya wa ƙawarta, ba ta san ina kusa ba, cewa da ana tura ta sai ta rufe ido ta riƙa motsa ƙafar da ta rage a kan matakin keken, tana ɗagawa tana saukewa, don ta ji kamar ita ke takawa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Har yanzu ina ƙunshi, amma na jefar da reza. Kafin mace ta miƙo ƙafa sai na tambaye ta ko tana da suga, musamman iyayen amare. In ta ce tana da shi, ba ruwan zafi, ba fere kaushi, ba leda, in kuwa na ga ko ɗan tsagewa ne sai in ce asibiti za ta fara zuwa. Wasu su yi fushi su tafi wurin wata, su ce na fiye iyayi. Su je. Bakin da na saba tsokanar mata da shi, yanzu da shi nake ba su wannan labari.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kaina shi ne, mu mutane ne da ke wanke ƙafa sau biyar a yini, amma da wuya mu juya ta mu dube ta. Mu zuba ruwa, mu zura silifas da danshi, ruwa ya yi ta cin tsakanin yatsu ba mu sani ba. Ina roƙon duk mai tsoho a gida, balle mai ciwon suga, ya mai da duba ƙafarsa aikin kullum, da ido, a cikin haske, har tafin da tsakanin yatsu. A tsane ta bayan alwala, a shafa man kaɗanya a dunduniya kada ta tsage, amma ban da tsakanin yatsu. Ruwan wanka wani ya fara taɓawa, takalmi a zazzage shi kafin a sa, kada a bar tsofaffi suna yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Kaushi da farcen da ya shige nama kuma a bar wa asibiti. 'Yan uwana masu ƙunshi da masu yankan farce, ku ji tsoron Allah da ƙafar da ba ta ce muku wayyo ba. Kuma in na ƙasa da ku ya ga abu ya faɗa, ku saurare shi, ko da muryarsa ba ta fita sosai.

Kowace safiya kafin in buɗe wa amare ƙofa sai na shiga cikin gari. Inna na zaune a kan tabarma ta gama lazimi, ta miƙo mini ƙafar hagu ba tare da na ce komai ba. Ta koma kirana "'yar nan", sunan nan sau ɗaya na ji shi. Da Sallar da ta wuce ta dubi tafin hannunta da na yi wa lalle, ta dubi ƙafar, ta ce cikin wasa wannan ɗin laifin me ta yi da aka bar ta fara fat. Na ce haka nake son ta, yadda zan ga duk abin da ya same ta. Ta yi murmushi ta kawar da kai. Ban ƙara tambayar ta ko tana jin zafi ba. Ƙafar nake ɗagawa in juya ta wajen haske, in duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.